Godiya Bayan Wata Huɗu a Zaune

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na Daura da kewaye. Alhamdu lillahi, jiya na taka ƙafata ta dama har masallaci ba tare da sanda ba, karon farko tun ranar da babur ya kayar da ni a hanyar Mai'aduwa, ƙafar ta maƙale a ƙarƙashinsa ta murɗe.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga dattijon mai ɗori na unguwarmu ce. Kwana biyu ina shafa man zafi, kowa na cewa targaɗe ne. Da aka kai ni wurinsa sai ya juya tafin ƙafar, ya ga jini ya kwanta baƙi ƙirin a tsakiyarta, ya ɗan danna bayan ƙafar na ƙwalla ƙara. Ya sake ta a hankali ya ce, "Ɗana, wannan ba tawa ba ce. Je a ɗauki hoto." Ko sisi bai karɓa ba. Baba, Allah Ya ƙara girma, Ya sa a gama lafiya.

Sai likitocin ƙashi na Katsina. Hoton farko, da aka ɗauka ina kwance, bai nuna abin kirki ba. Likita ya ce a sake ina tsaye da nauyina a kan ƙafar, zufa na karyo mini don azaba, sai ga rata ta bayyana tsakanin gindin ƙashin babban yatsa da na kusa da shi. Ya ja takarda ya zana mini: ƙashi 26 ne a ƙafar mutum daga idon sawu zuwa yatsu, biyar daga ciki dogaye ne masu zuwa yatsu, kuma mahaɗarsu da ƙananan ƙasusuwan tsakiya ita ake kira gaɓar Lisfranc, sunan wani likitan Faransa. A nan jijiya ta tsinke, ƙashi na biyu cikin dogayen nan ya tsage. Ya ce irin wannan raunin yakan ɓuya a hoton farko, in kuwa aka ci gaba da takawa ƙafar na iya bajewa, ciwon gaɓa ya zauna wa mutum. Ni tela ne, da ƙafar nan nake taka keke, don haka maganar ta shige ni ƙwarai.

An yi sikanin CT, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi dalla-dalla, aka jira kumburi ya saɓe, sannan aka yi aiki aka ɗaure gaɓar da ƙusoshi biyu. Mako shida cikin siminti, ƙafa a kan matashi, ba a yarda ko yatsa ya taɓa ƙasa ba. Ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da suka yi ta fama da ni ina lanƙwasa yatsu ina jawo tawul da su, na gode.

Inna, ke da kika sayar da tumakinki biyu ba ki gaya mini ba sai da aka sallame mu, ba ni da bakin gode miki. Allah Ya saka miki da Aljanna. Maiɗakina ta ɗauki ruwan alwala da buta da kwano dare da rana, ban taɓa ganin ta ɓata fuska ba. Yaya ya yi ta jigila tsakanin Daura da Katsina a motarsa. Yarana na shago sun riƙe ɗinkin sallah har suka fitar da shi, kuma kowace Juma'a sai sun kawo mini ciniki cif. Maƙwabta da 'yan majalisarmu masu zuwa dubiya, har da waɗanda suka cusa wani abu ƙarƙashin filo suka fita shiru, Allah Ya san ku, Ya biya ku.

Masu ɗinkin da ya makara, ku yafe mini. Ƙafar takan kumbura da yamma, likita ya ce sai a hankali, amma ranar Asabar in sha Allahu zan buɗe shago da kaina.