Gyaɗa na je saye Rumsiki, gardamar Allah na tarar

Gyaɗa da wake ne suka kai ni ƙasar Kapsiki a arewacin Kamaru bayan kaka, ba yawon buɗe ido ba, don mu 'yan Hausari na Garwa in kaga mun hau dutse to akwai buhu a ƙarshen maganar. Daga Garwa zuwa Marwa ba wani labari, kilomita 200 da 'yan kai, ka wuce Figil da ƙurar simintinta, jandarmomi su duba kati, ka sauka ka kwana a Domayo. A motar Mokolo ne abun ya fara.

An cusa mu kamar yadda aka saba, kusa dani wani matashin ustaz ne mai ɗangalallen wando, yaron kirki wallahi, har dabino ya raba mana. Da duwatsu suka fara bayyana, ga gidaje can sama masu tsinin rufi, sai ya girgiza kai yace Allah sarki, bayin Allahn nan har yau basu san Mahaliccinsu ba. Ai kuwa wata dattijuwa 'yar ƙabilar Giziga dake kujerar baya ta cafe maganar da Fulatanci, don anan Fulatanci ne yaren mota da kasuwa, tace ɗana wa ya gaya maka? Tace su tun kaka da kakanni sun san shi, a da ma sama kusa take da ƙasa har mutane a duƙe suke tafiya, in yunwa ta kama mutum sai ya miƙa hannu ya yanki sama ya ci, sai wata yarinya ta ga tsabar dawa a ƙasa ta ce ita daka zatai, tana ɗaga taɓarya tana bugun sama tana cewa Allah ya matsa mata, ya matsa, ya ƙara matsawa, daga nan ya tafi can inda yake yanzu bai dawo ba. Ustaz yace Inna wannan ai tatsuniya ce. Tace na yarda, amma ka ji inda tatsuniyar tace babu shi? Nisa tace yayi, shi yasa muke aika iyayenmu da suka mutu, su sun fi mu kusa. Motar tayi tsit na ɗan lokaci sannan kowa ya saka baki, har direba yana juyowa yana bada nasa ra'ayin ana masa ihu ya kalli hanya.

Ni dai Maguzawanmu na tuna. Bamaguje bai taɓa cewa ba Allah ba, rantsuwarsa ma da Allah ce, kawai dai iskoki yake yankawa kaza don a ganinsa su ne ke kusa da gona da ciwo da haihuwa.

A Zamai aka sauke wasu 'yan Gwoza masu zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, wanda aka buɗe tun 2013. Musulmi da Kirista duk suna ciki, kuma 'yan Boko Haram da suka koro su cewa suke su kaɗai suka san Allah. Nan ustaz ne ya fi kowa tsinuwa, a faɗi gaskiya.

Daga Mokolo babur na hau, kusan kilomita 50 na dutse da rami ta Mogode, ƙuguna bai yafe min ba har yanzu. Amma kai, aikin da mutanen nan sukai wa duwatsu! Tun daga gindi har ƙoli an jera duwatsu hawa-hawa an tare ƙasa ana shuka dawa, aikin da ba mutum ɗaya ba ne, kakanni ne suka bar wa jikoki. Kuma ba daɗin iska ya hau dasu can ba. Sarautar Mandara ta Mora ta musulunta tun ƙarni na 18, Fulani suka zo da tutar Modibbo Adama bayan 1809, mutanen dutse kuwa suka zama wurin farautar bayi. Hamman Yaji sarkin Madagali ma ya bar rubutu na abubuwan da yayi daga 1912 zuwa 1927, a ciki har da lissafin mutanen da yaransa ke kamowa daga ƙauyukan nan. To mutumin da aka ja kakarsa da igiya, mai jan kuma yana salati, in jikan yayi nawa wajen karɓar addininka sai ka yi masa uzuri kafin ka kira shi jahili. Wannan ra'ayina ne, wanda zai ji haushi ya ji.

Rumsiki kuwa ko kai waye sai kace tabarakallah. Wani dutse ne ya miƙe shi kaɗai tsaye cikin kwari, ga 'yan uwansa can nesa a warwatse, bayan kwarin kuma Najeriya ce, ɓangaren Michika, inda ake kiran mutanen nan Higi ko Kamwe, dangi ɗaya iyaka ta raba. Da Turawa cika garin suke, tunda aka sace wani iyalin Faransawa wajen Waza a 2013 ƙafa ta ɗauke, masu yi musu jagora suka koma noma da dillanci. Wanda ya haɗa ni da masu gyaɗa ma tsohon ɗan jagora ne, yanzu katikis ne, wato mai koyar da addini a cocinsu, shi ya ce kafin mata su gama ɓare gyaɗa mu je mu gaida maƙwabcinsa, tsohon maƙeri mai duba da ƙaguwa.

A wajen Kapsiki maƙera jinsi ne daban, junansu suke aure, ba a cin abinci ƙwarya ɗaya dasu, amma su ke binne gawa, su ke kiɗa, su ke magani da duba, matansu ke ginin tukwane. Dubar kuwa haka take: tukunya da jiƙaƙƙen yashi, a kakkafa tsinke da ɓallin ƙwarya kowanne da abun da yake nufi, a yi wa ƙaguwar rafi magana a sakata ciki a rufe, in an buɗe sai a karanta abun da ta ture da wanda ta bari. Tun daga ƙofa nace Baba gaisuwa na zo ba duba ba, mu an gaya mana wanda ya je wa boka da tambaya sallarsa ta kwana 40 bata karɓuwa. Yayi dariya yace zauna ɗan Hausa, ƙaguwar ma ta gaji yau.

Na tambaye shi kai tsaye, Baba wa ya yi dutsen can? Yace Shala. Wa ke saukar da ruwa? Shala. Shi ɗaya ne? Yace ɗaya ne a sama, amma kowane mutum da nasa shala mai tafiya dashi, gari ma da nasa, kuma kowane magidanci nada tulunsa na yanka a gida inda yake zuba giya da jinin akuya in abu ya rikice. Nace to Baba ɗaya ne ko da yawa, a zaɓi guda. Yace kai in kana da ƙara Lamido kake tunkara da ka? Ba Jauro kake fara gani ba, ya kai ka wa Lawan, Lawan ya shigar da kai fada? Ai hakan bai sa Lamido ya zama goma ba.

Wallahi na jinjina wa tsohon, amma wannan hujjar ba sabuwa bace a kunnen wanda ya zauna gaban malam. Ita ce ta mutanen Makka, a Suratuz Zumar aka kawo ta, cewa basa bauta wa gumaka sai don su kusantar dasu ga Allah. Nace masa Lamido yana buƙatar Jauro ne don bai san ka ba, baya jinka daga fada, yana barci yana mantuwa. Shi kuwa Allah a Baƙara cewa yayi in bayinsa sun tambaya to yana kusa, yana amsa kiran mai kira, a Suratu Ƙaf kuma yace ya fi jijiyar wuya kusa da mutum. To aiken na meye?

Katikis da yake ta fassara inda Fulatancin tsoho ya ƙare, sai ya aje aikin tafinta ya shigo da nasa. Yace Alhaji, su sunce yayi nisa suna aike, ku kunce yana kusa ba a ganinsa, mu kuma mun ce shi da kansa ya sauko ya zama mutum ya ji yunwa ya mutu ya tashi. Nace subhanallah, bai haifa ba ba a haife shi ba, nan kam ba zamu haɗu ba Malam. Yace ya sani, kuma bai ji haushi ba. Ya bani labarin Baba Simon, limamin cocin Katolika ɗan kudancin Kamaru da ya zo Tokombere a 1959 yana yawo ba takalmi cikin duwatsu har ya rasu 1975, yace shi da ya zo zama yake da masu yankan gargajiya yana saurarensu, don ya tarar sun riga sun san akwai Mahalicci ɗaya, abun da ya rage a tattauna shine wane irin Allah ne kuma ta ina ake isa gare shi. Wannan kam na yarda dashi, don abun da muke ta yi kenan a zauren tun azahar.

Muna shirin tashi tsohon ya riƙe min hannun riga. Yace ɗan Hausa, tunda naku ya fi jijiyar wuya kusa, me ke kawo alhazanku wurina da dare, su aje mota can bakin hanya su tako a ƙafa kada a gansu? Nace Baba raunin imani ne, laifinsu ne ba na addinin ba. Yace to, ya saki rigar. Katikis na ta ƙunshe dariya har muka isa wajen mata masu gyaɗa, su kuma suka ƙi rage min ko dala a buhu, wai 'yan Mubi sun riga ni zuwa da safe sun ɗaga farashi.