Daga Kaduna zuwa Haɗeja da iyali a mota

Aiki ne ya zaunar da ni a Kaduna, amma gida Haɗeja ne, kuma duk Sallah, ƙarama ko babba, sai mun je gaida Hajiya. Hanyar sananniya ce: Kawo, Jaji, Zariya, Kwanar Dangora, Kura, a ratsa Kano, sannan a ɗauki titin Gezawa da Ringim har a dangana da gida. Shekarun da na yi ina tuƙa iyalina a kanta sun nuna mini cewa ita motar ba ta da wuyar sha'ani. In ka kai ta wajen bakanike ka biya, za ta ji magana. Mutanen da ke cikinta, da masu son shiga cikinta, su ne jan aikin.

Duk da haka da taya nake farawa, tun ana sauran mako guda. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: in ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato 'yan Rod Sefti, shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka yi ta, ko an hau ta ko tana jingine a shago. Na taɓa tsayawa gaban wani mai sayar da tayar Baljiyam, ya mirgino mini wata da aka shafe da baƙin mai tana ƙyalli, ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Alhaji, dubi zanenta, wannan ko titi ba ta sani ba." Na tsuguna na goge gefen da babban yatsa. Tayar ta girmi 'yata ta tsakiya da ke aji biyu a firamare, ga wasu 'yan tsage-tsage sirara a jikin robar waɗanda man ya rufe. Irinta ce ke fashewa da bazara, in kwalta ta ɗauki zafi, mota kuma ta ɗauki kaya.

Iska ma ina sa a gwada ta da safe kafin tayar ta yi zafi, kuma adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba nake bi, don wasu masu faci sai sun ga taya ta yi tauri kamar za ta yi magana suke cire bakin tiyo. Tayar ajiya, wato safiya, ita ma a duba ta. Da yawa sai a daji suke gane tasu ba iska. Sauran abubuwan, birki da man birki, ruwan lagireto, waifa, fitilu, jak, tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, aikin yini ɗaya ne a gareji.

To, sai zancen wa zai shiga. Motata kujera biyar ce, mu ma biyar ne: ni, uwargida, yara uku. Wata jajibirin Babbar Sallah Gwaggo ta iso da jikanta da ƙullin kayanta, ta ce ta ji za mu gida. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wuri ya cika." Ta leƙa ta taga ta ce, "Ina cikar? Ai yara ne, ɗan nan. A ɗora biyu a cinya, ni ko a gefen ƙofa na maƙale." Na kai ta tashar Kawo da kaina, na biya mata kujerar gaba a mota mai kyau, na ƙara mata na ruwa. Kafin mu isa Haɗeja labari ya riga mu, wai na yi mota na fi ƙarfin dangi. Hajiya ta kira ni ɗaki, na yi mata bayani, ta yi shiru sannan ta ce, "To, Allah ya kyauta. Amma ka je ka ba ta haƙuri." Na je. Har yau in an haɗu sai ta soka mini magana, ni kuma har yau kowa da kujerarsa da bel ɗinsa.

Dalilin da ya sa ba na sassautawa a nan lissafi ne kawai. In mota na gudun kilomita 50 a awa ta daki abu ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya, kuma ƙarfin da zai fizge shi kan kai kusan ninki talatin na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 a cinyar uwarsa ya koma buhun masara uku. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai son da take masa. In kuma a kujerar gaba take, ga jakar iskar nan da ke fashewa daga gaban mota, wadda aka yi don ƙirjin babba, yaron take fara samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Najeriya tun 2003 aka wajabta ɗaura bel, amma mun mai da shi abin da direba ke yafawa in ya hango masu kaki.

Don haka uwargida baya take zama, auta na gefenta a cikin kujerar jarirai da na saya ta hannu, ta tsakiya a ɗaya gefen, ƙofofin baya kuma na murɗa ɗan makullin da ke hana buɗe su ta ciki. Babbar sai da ta haura shekara 12 ta samu gaba. Da farko uwargida ba ta so ba. "Malam, yanzu sai a ce ni ce 'yar rakiya, kai ne direbana?" Auta ma ya yi ta tsala kuka daga Kawo har Mararrabar Jos. Yanzu da an ɗaure shi, kafin Jaji ya yi barci. Wani kawuna da ya ga wannan shiri ya yi dariya ya ce abin da Allah ya rubuta ba bel ɗin da zai hana. Na ce gaskiya ne, Kawu, amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Addu'ar tafiya muna yinta kafin mu fita ƙofa, bel ɗin ma muna ɗaurawa.

Lokacin tashi ba na ciniki a kansa. Bayan asuba, da gari ya waye ana gane fuskar mutum, mun kama hanya. Dare ba nawa ba ne: ga tirelar da ta lalace a tsakiyar titi ba fitila, sai 'yan rassan ganye da aka jera mata, ga masu dalle maka fitila a ido, ga kuma matsalar tsaro da kowa ya sani. Ƙaramar Sallah ta fi wuya, domin tafiyar kan faɗo a ƙarshen azumi, bayan goman ƙarshe ta cinye barcin mutum. Gyangyaɗi a kan sitiyari ba ya sallama. Da na ji idona ya fara nauyi, ko na kasa tuna garin da muka wuce yanzu, sai in gangara inda mutane suke, in wanke fuska, in ɗan runtsa. In ta kama, gara mu yi Idi a Kaduna mu tafi washegari. A Zariya muna tsayawa ko ba wanda ya nema, yara su miƙe ƙafa, kuma ba wanda ake bari a mota a rufe ko da na minti biyu ne. Wayata tana hannun uwargida, ita ke amsa masu tambayar "kun kai ina?" A gudun 100, mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ɗan duba saƙo na daƙiƙa uku, ka yi fiye da mita 80 ido rufe.

Doka ta ba ƙaramar mota 100 a tagwayen titi, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Ni inda na fi taka-tsantsan shi ne garuruwan da titi ya ratsa kasuwarsu, irin su Kura da Gujungu, inda 'yan talla da babura da awaki ke tsallakawa ba duba. Bayan Kano kuma, inda ake gaba da gaba da manyan motoci, in ban hango titi sarai ba, ba na obatekin, ko na baya zai fasa hon ɗinsa. Da hunturu in hazo ya sauka, fitila a kunne take ko da rana.

Majiya a kan hanyarmu take. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a can, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Na faɗa wa yarana ƙarara: in muka tarar da tanka a kwance, ba tsayawa kallo, ba ɗaukar hoto, nesa za mu yi. In hatsari ne da ake buƙatar taimako, sai in wuce wurin in faka can gefe, su zauna da uwarsu, in kira 122, lambar Rod Sefti ta gaggawa, sannan in dawo da ƙafa. Jarkar fetur kuwa ba ta shiga motata, ko a ina aka ce ya fi araha.

Komowa ma da nata rigimar, domin ba a baro Haɗeja hannu rabbana. Hajiya za ta sa a fito da buhun shinkafa, wannan ya kawo kwalin busasshen kifi, wancan ya ce a miƙa wa ɗansa saƙo a Tudun Wada. Abin da but ya ɗauka ya rufu ba dannawa, shi ke bin mu. Ba na ɗora komai a bayan kan yara, ko fulas ɗin shayi ne, don in aka taka birki da ƙarfi kansu zai nufa. Shinkafar kuwa tasha nake kai ta, a rubuta sunana a jikin buhun, in karɓi lambar direba, jibi in je Kawo in ɗauko.