Godiya bayan aikin idon Baba a Alƙahira

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an kwance wa Baba bandeji, yanar ta tafi, har ya koma karatun Alƙur'aninsa. Ni da ƙannena muna godiya ga duk wanda ya yi addu'a, ya kira, ko ya turo gudummawa. 'Yan uwa ɗaliban Azhar da suka kwana da mu a asibiti, da Hajiyar da ta riƙa aiko mana tuwo da miyar kuka, Allah ya saka da alheri.

Akwai kuma wani dattijo ɗan Masar mai zagayawa da baƙi a Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, ko sunansa ban tambaya ba. Baba ya dage sai ya ga masallacin Amru ɗan Asi kafin mu dawo gida. A hanyar tashar jirgin ƙasa ta Mar Girgis rana ta buge shi, dattijon nan ya kama hannunsa ya shigar da mu majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra, ya ba shi ruwa. Ni kam da ɗari-ɗari na shiga.

Wurin tsit, sai mumbarin marmara a tsakiya da benen mata a sama. A 2023 aka sake buɗe shi bayan gyara, amma masu ibadar sun watse. Yahudawan Masar da a da suka kai dubbai, yau 'yan tsiraru ne. Dattijon ya nuna mana wajen wani ɗaki a sama, Geniza, inda suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuba tsofaffin takardu, don ba sa yar da rubutun da ke ɗauke da sunan Allah. Takardun aure, wasiƙun fatake masu zuwa Indiya, rubutun yara masu koyon baƙaƙe, har da rubutun hannun Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa da ya rasu a 1204. A 1897 wani malamin jami'a, Solomon Schechter, ya kwashi kusan gutsure 193,000 zuwa Kambirij a Ingila.

Sai dattijon ya buɗe hoton wata wasiƙa a wayarsa, ya ce Larabci ne da baƙaƙen Ibrananci. Baba, malamin allo na shekara arba'in, ya kusantar da wayar ga sabon idonsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce: "Ashe su ma suna da ajami."

Na miƙa wa dattijon ɗan hasafi, ya ƙi karɓa. Baba dattijo, idan wani ya karanta maka wannan, mun gode. Jibi za mu sauka Kano, in sha Allahu.