Foldoji uku da na gina, na dawo na rushe da hannuna

Aikin namu ba wani babba ba ne. Ƙaramin laburare ne, wato rubutun kwamfuta da wasu manhajoji ke ɗauka su yi aiki da shi, an rubuta shi da yaren C, yana lissafa lokutan salla da kwanan watan Hijira. Buɗaɗɗen tushe ne, wato kowa na iya ɗauka ya karanta, ya gyara, ya turo gyaransa. A ɗakina da ke Unguwar Rimi na fara shi, a kan Linux, da kompailan GCC, kuma na daɗe ban ko tuna da cewa akwai wani kompaila a duniya ba. Ga wanda bai sani ba, kompaila shi ne tafintan da ke juya abin da ka rubuta zuwa yaren da inji ke ganewa. Tafinta kuwa, kowanne da irin bakinsa.

Wata ranar Asabar wani ƙanina da ke karatu a Kadpoly ya shigo da kwamfutarsa a hammata. "Yaya, abin nan naka ya ƙi ni," in ji shi. Windows yake amfani da ita, da kompailan Microsoft da ake kira MSVC. Na duba allo, kurakurai jere kamar layin mai. Tushensu kalma ɗaya ce, __attribute__((packed)), wadda GCC ya sani, MSVC kuwa #pragma pack yake so. Haka ma wajen bayyana ayyukan da laburare zai fitar waje: MSVC yana son __declspec(dllexport), GCC yana da tasa hanyar.

Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na buɗe foldoji uku, gcc da clang da msvc (Clang shi ma wani kompaila ne), na kwafe dukkan fayilolin aikin na zuba a kowacce, na bi na gyara abin da kowane tafinta ke ƙi. A daren ji na yi kamar na gina bene.

Ba a yi wata biyu ba wani ya turo gyara a lissafin La'asar. Na sa a foldar gcc, na tuna na sa a ta clang, ta msvc kuwa na manta. Makonni masu Windows suna samun tsohon lissafi ban sani ba. Abin da kwafi ke yi ke nan: gyara ɗaya ya zama uku, kuma ɗan Adam bai rasa mantuwa.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwai wani dattijon injiniya a Tudun Wada mai haɗa agogunan masallaci, irin masu jan haske da ke nuna lokutan salloli biyar. Ya ɗauki laburaren ya ɗora a kan ƙaramin guntun ARM mai bit 32, wato ƙwaƙwalwar agogon. Tunda kompailansa arm-none-eabi-gcc ne, sai ya shiga foldar gcc, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Ya kira ni da yamma.

"Yaro, zo ka ga agogonka. Lokutan salla daidai, amma kwanan wata ya haukace."

"Baba, a wajena lafiya lau yake aiki."

"To a wajena ba lafiya ba. Gani ya kori ji."

Na hau Keke na je. Da hunturu ne, ƙura ta rufe gari, shagon nasa sai ƙaurin dalma. Muka zauna har bayan Isha'i, aka ɗauke wuta, muka ci gaba da fitilar waya. Ashe ina ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga farkon kalandar Hijira, shekarar 622 Miladiyya, ina ajiyewa a cikin long, wani ma'ajin lamba na yaren C. A kan Linux mai bit 64, long bayit 8 ne, wuri isasshe. A guntun Baba bayit 4 ne, iyakarsa 2,147,483,647, alhali daƙiƙoƙin shekara dubu da ɗari huɗu da ɗoriya sun haura biliyan arba'in. Tulu ya cika ya tumbatsa. A foldar msvc na riga na gyara wannan, don na ɗauka halin MSVC ne. Ba halinsa ba ne. A kan Windows long bayit 4 ne ko da GCC ka kawo ta hanyar MinGW, wato GCC na Windows. Wato abu uku na cuɗa wuri guda: kompaila daban, tsarin aiki daban, nau'in inji daban. Ni kuwa na rataya duka a wuyan sunan kompaila.

Maganin bai kai layi ɗaya ba. Na mayar da shi int64_t, mai bayit 8 a ko'ina, daga stdint.h, wanda ke cikin ƙa'idar C tun 1999, MSVC ma yana da fayil ɗin tun Visual Studio 2010. Ashe wannan bambancin ko folda bai buƙata.

Da na dawo gida sai na yi abin da ya kamata in fara da shi, na leƙa gidajen manya. A Boost, babban tarin laburarorin yaren C++, cikin foldar config, akwai compiler, akwai platform, akwai stdlib, kowacce da hurumi nata, sannan kowacce tana da fayil guda da aikinsa kawai zaɓen wanda za a ɗauko. A Linux, abin da ya shafi inji yana ƙarƙashin arch, abin da ya shafi kompaila kuwa 'yan fayiloli ne a include/linux, irin su compiler-gcc.h da compiler-clang.h. Har na ga cewa a da suna da fayil daban ga GCC 3 da 4 da 5, a 2015 suka haɗe su wuri ɗaya. Katafaren aiki irin wannan bai kwafi kansa sau uku ba, sai ni mai fayil goma sha wani abu?

Na rushe foldojin. Lissafi ya koma foldar src, kwafi ɗaya tak, kuma na haramta wa kaina ambaton sunan wani kompaila a cikinta. Na buɗe src/compiler mai ƙananan fayiloli uku, kowanne bai cika shafi ba, aikinsu su ba da ma'anar sunayen da muka ƙirƙira da kanmu, kamar na matse tsari da na fitar da aiki waje. Abin da ya shafi agogon tsarin aiki ya tafi src/os. Tutocin gargaɗi, -Wall na GCC da Clang, /W4 na MSVC, suka koma foldar cmake, ta manhajar da ke tsara ginin aikin, inda CMAKE_C_COMPILER_ID ke faɗa mana da wa muke magana. Da git mv, umarnin manhajar git mai ajiye tarihin gyare-gyare, na yi ƙaurar, a mataki nata ita kaɗai ba tare da taɓa ko harafi a cikin fayilolin ba, don git log --follow ya iya bin tarihin kowanne. Wannan kam ban yi da-na-sani ba.

Fayil ɗin da ke zaɓar ɗaya cikin ukun nan shi ya ƙara kayar da ni. Na fara da tambayar __GNUC__, alamar da GCC ke bayyana kansa da ita, sai Clang ya ɗaga hannu ya ce shi ne. Da gaske haka yake yi, yana bayyana kansa a matsayin GCC 4.2.1 don tsofaffin ayyuka su karɓe shi. Ni kuma ina da sharaɗin da ke cewa in GCC bai kai 5 ba a bi tsohuwar hanya, sai sabon Clang fil ya riƙa bin hanyar tsofaffi. Kama da wane ba ta wane. Dole a fara tambayar __clang__, kuma kada a manta clang-cl, wato Clang na Windows, shi ma yana amsa sunan _MSC_VER, alamar MSVC. Daga baya na rage tambayar suna gaba ɗaya. Inda zai yiwu, __has_attribute nake amfani da shi, in tambayi tafinta ko ya iya abu kaza, ba ko shi ɗan gidan wa ba ne. GCC ya san wannan tambayar tun sigarsa ta 5.

Har yanzu muna jayayya da ƙanina. Shi a ganinsa fayil ɗaya ya isa, a jera sharuɗɗa a ciki a huta. Yana da gaskiya ta wani gefe, don fayilolin gcc da clang kusan tagwaye ne. Ni dai na bar su uku, saboda duk mai son ƙara sabon kompaila ya san inda zai ajiye fayil ɗinsa ba tare da ya taka na wani ba.

Juma'ar da ta wuce na yi salla a Tudun Wada, na biya shagon Baba. Ya nuna min sabon guntu a tafin hannunsa, na AVR, mai bit 8.

"A nan int ma bayit 2 ne, ka sani ko?"

Na ce, "Na sani, Baba." Na ja benci na zauna, na fara neman duk inda na rubuta int, ma'ajin lamba na yau da kullum.