Kunne na riga ido yanke hukunci a fim mai ƙaramin jari

Mai kallo yakan yafe wa fim in hotonsa ya ɗan yi duhu, amma da murya ta shaƙe sai ya tashi. A nan ake gane wanda ya iya daga wanda kyamara kawai ya saya.

Makirfon jikin kyamara ba abin dogaro ba ne. A ɗaura wani makirfon daban a doguwar sanda, sama da kan ɗan wasa, tazarar kamu ɗaya zuwa biyu daga bakinsa, a karkata shi wajen ƙirji. In ya yi nisa, amsa-kuwwar bango ce za ta cika shi, kuma da wuya manhaja ta wanke ta tas. A saita na'urar naɗa a kan 48kHz, wato ma'aunin naɗar sauti da aka saba amfani da shi a fim. A kashe fanka da firji tukuna. Tsofaffin hannu kan jefa makullin motarsu cikin firjin don kada su tafi ba su kunna ba.

Kafin a bar kowane ɗaki, kowa ya yi tsit, a naɗi shirun wurin na daƙiƙa 30. Da shi edita, wato mai yankawa da haɗa fim, ke cike giɓin da ke tsakanin maganganu. In babu, duk inda aka yanka sai an ji sautin ya faɗa rami.