Kwamfuta ba ta san gajiyar direba ba

A aikin gida na farko da aka ba mu a darasin lissafin neman mafita mafi kyau, an ce mu tsara yadda motoci 4 za su raba kaya a wurare 12 da mafi ƙarancin kuɗin mai. Kwana biyu na yi ina rubuta lissafin, na zuba wa kwamfuta, kafin ƙiftawar ido ta ba ni amsa. Ina cikin murna malaminmu ya ɗora yatsa a kan layi na uku ya ce, "Wannan direban naka, yaushe zai yi barci?" Ashe mota ɗaya na ɗora wa tafiyar awa 19, sauran ukun suna ajiye. Ban gaya wa kwamfutar cewa mutum yana gajiya ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Daga baya na gane ba tsautsayi ba ne, haka lissafin yake. Sharuɗɗan da ka gindaya tamkar bango ne da suka kewaye fili, kuma a irin wannan matsala amsa mafi kyau a kusurwa ake samunta, inda bango ya haɗu da bango. Dabarar simfileks da masanin lissafi George Dantzig ya ƙirƙiro a Amurka a 1947 aikinta ke nan: ta tashi daga wannan kusurwa zuwa ta kusa da ta fi ta, har ta rasa inda za ta matsa. Saboda haka kullum sai ta tura abu har ƙarshe. In ka manta da bango ɗaya, ta nan za ta bi.

Ba ni na fara ba. A 1945 masanin tattalin arziki George Stigler ya nemi abinci mafi araha da zai riƙe lafiyar mutum shekara guda, daga cikin nau'i 77. Da hannu ya laluba, ya samu dala 39.93. Da aka gwada simfileks a 1947, ma'aikata 9 suka zauna da injinan lissafi na hannu, amsa ta fito dala 39.69. Duk wahalar nan a kan santi 24! Abincin kuwa, ba wanda zai jure cin sa mako guda, don ba a sa daɗin baki a lissafin ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne wani adadi da ke fitowa gefen amsar, wanda da farko ko kallonsa ba na yi: ɓoyayyen farashin kowane sharaɗi, wato ribar da za ka samu in ka sassauta shi kaɗan. Masanin lissafi Leonid Kantorovich ya hango wannan tun 1939, yana nazarin aikin masana'antar katako a birnin Leningrad na Tarayyar Soviet, kuma ya samu kyautar Nobel a 1975.

Na koma kan motocina, na kayyade wa kowane direba awa 9. Da an tambaye ni me ke takura aikin, da na rantse ƙarancin motoci ne. Lissafi ya nuna ƙarin mota ta biyar ba zai rage komai ba. Abin da ke cin kuɗin wuri ɗaya ne da aka ce lallai kaya su isa kafin ƙarfe 8 na safe. Na ɗaga shi zuwa ƙarfe 9 don in gani, sai mota guda ta daina yin doguwar tafiya babu kaya.