Abin da Kuza Ya Bari a Jos

Duk lokacin da na bi hanyar Bukuru na ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, sai in tuna da kakana, wanda ya baro ƙasar Kano domin yin leburanci a filayen ma'adinai. A zamaninsa jirgin ƙasa na layin Kafanchan, wanda ya iso Jos a 1927, shi ke kwasar kuza zuwa bakin teku. Da farashinsa ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, kamfanonin da suka rage suka yi ta sallamar ma'aikata, barikokin lebura kuwa suka zama kufai sannu a hankali. Gobarar babbar kasuwar Terminus ta 2002 ta ƙara tarwatsa 'yan kasuwa, har yau da yawansu a bakin titi suke kasa kaya.